Abin da Baba Ya Ƙi Faɗa wa Surukinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika da hantsi a gadon asibiti, aka dawo da shi gida Goronyo, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Tun daga ranar gidanmu bai rabu da mutane ba, kuma kowa da irin nasa kukan.

Goggo, ƙanwar Baba, tun daga zaure ta fara salati, ta zube a tsakar gida tana tambayar wa zai ƙara yi mata faɗa a kan barin randa a buɗe. Tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Wurno a kan babura, wasunsu har da furfura a gemu. Suka zauna a tabarma suna tuna yadda yake shiga aji da kwalbar ruwan kududdufi a aljihun riga, har dariya ta kuɓuce wa ɗayansu, ya yi sauri ya toshe baki da hula. Wani dattijon Bafulatani ya tako da ƙafa daga ruga, ya tsaya a ƙofar gida ya jingina da sandarsa, hawaye na sauka cikin gemunsa. Masunta na bakin madatsa suka aiko da busasshen kifi. Kowa in ya shafa addu'a sai ya rufe da magana guda: "Sai haƙuri, kwana ya ƙare."

Ni ce auta, kuma ni kaɗai ce ban yi kuka ba. Mata suka yi ta ƙus-ƙus wai boko ya busar mini da zuciya. Ba su san abin da nake kallo ba. Ina kallon mijin Yaya, mai kemis ɗin bakin kasuwa, wanda gari ke kira Dakta alhali ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba, ya kame a sahun gaba yana karɓar gaisuwa kamar shi aka fi yi wa mutuwa. Ina kuma kallon Inna, mahaifiyarmu, tana zarya da buta tsakanin ɗakin takaba da banɗaki, tana dafa bango. Da na ɗaga filonta sai ga irin kafson nan mai kala biyu da aka yi ta ɗura wa Baba. Ban musa cewa kwana na ƙarewa ba. Amma na rantse a raina ba za a binne mini uwa da maganar da aka binne mini uba ba.

Kafin in kai ga wannan, bari in faɗi wane ne Baba, don kada a tuna da shi a matsayin wani tsoho kawai da ciwon ciki ya ɗauke.

Malamin ilimin halittu ne. Ya koyar a sakandare a Wurno har ya yi ritaya, ya dawo gida ya kama noman albasa a fadama. Dukiyarsa ta duniya wani tsohon madubin likita ne, irin wanda ake duba ƙananan halittu da shi, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Cikin tsohon zanen Inna yake naɗe shi, kuma mu 'ya'yansa ba mu taɓa samun irin lallaɓar da abin nan ya samu ba. Yana da magana ɗaya da duk wanda ya zauna da shi ya haddace. In ka ce ruwan rijiyar nan mai kyau ne, ko ka ce wance maita ce ta kama ta, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "A duba kahin a ce." Har liman ya taɓa shan wannan yatsan.

Ina ƙarama yake zaunar da ni a gindin darbejiyar gidanmu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke yana zane.

"Auta, duk mai rai da ƙananan ƙwayoyi anka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kuma ƙwayoyin ga gida biyu na. Akwai marasa ɗaki, su na bakteriya. Kayansu duka a tsakar gida sunka zube su, sai dai sun kewaye kansu da katanga mai ƙarhi. Akwai kuma masu ɗaki."

Sai ya zana babban da'ira, ya zana ƙarami a cikinsa.

"Kin ga ɗakin ga na tsakiya? Nan sunka kulle duk umurnin rayuwarsu, yadda za su girma, yadda za su haihu. Ga madahi daban inda aka hidda ƙarhi daga abinci, ga wurin ajiya daban. Gida mai tsari ke nan. To ke ma mai ɗaki ta. Ke, da akuyar Innarki, da darbejiyar ga, da ƙwayar zazzaɓin sauro, duk gininku guda."

Na ce ni ban yarda ina da dangantaka da akuya ba. Ya yi dariya har na ga haƙoransa na ƙarshe, ya ce ai akuyar ma ba a tambaye ta ba. Sannan ya gyara murya ya ce abin da ya sa yake koya mini shi ne, mai ɗaki in ya zama abokin gaba ya fi wuyar sha'ani, domin maganin da aka yi don rushe katangar bakteriya ba ya yi masa komai. Kowane gida da nasa maganin, kuma ba a sanin gidan sai an duba.

Rigimarsu mafi tsawo da Inna a kan ƙullun masa aka yi ta. Wata safiya ya lallaɓa ya ɗebi ƙullun da ta kwana da shi, ya tsarma da ruwa, ya ɗiga a gilashi, ya kira ta da murna kamar an yi masa albishir. Inna ta sunkuya ta leƙa. Ta ga ƙwayoyin yis birjik, zagaye-zagaye, wasu da ɗan ƙaramin ƙullutu a gefe. Baba na ta bayani, wai wancan ƙullutun ɗa ne ke tsirowa daga jikin uwarsa, wai su ne ke cin zaƙin ƙullun su fitar da iskar da ke sa shi tashi, wai su ma masu ɗaki ne irinmu. Inna ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Wato abin da ni ka ba ɗiyana da rai garai?"

"Tun kakanninki haka shi ke. Su ka yi maki aikin."

"To su toya maka."

Damina ta zo ta wuce ba a toya masa a gidanmu ba. Baba ya riƙa saye a bakin tasha yana ci a ɓoye, yana dawowa da maiƙo a gemu. Inna ta sauko daga baya, amma ta rantse ita da madubin nan har abada, kuma ta riƙe rantsuwarta.

Dattijon Bafulatanin da ya tsaya a ƙofa kuwa, sanadinsu shanu ne. Wata shekara garkensa ya kama ramewa, suna ci ba sa ƙiba, gashi na tashi, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta fasa musu kafson mutane a ruwa, a banza. Baba ya ji labari a kasuwar Rimawa, ya ɗaura madubinsa a bayan keke ya bi shi har ruga. Ya tsaga kunnen wata saniya, ya shafa ɗigon jini a gilashi, ya ce wa mutumin ya duba da kansa. Ya ga wasu siraran abubuwa masu jela suna wutsil-wutsil tsakanin jajayen ƙwayoyin jini. Baba ya ce masa sammore ne, ƙudan daji ya sa musu a can kudu inda suka yi rani, kuma mai ɗaki ne, kafso ba zai taɓa shi ba. Ya raka shi wurin likitan dabbobi aka yi musu allurar da ta dace. Tun daga nan ƙwaryar nono ba ta yanke a gidanmu ba. Baba kuma sai ya sa an tafasa madarar da ya kawo a gaban idonsa, mutumin ya girgiza kai ya ce Malam ba ya yarda da kowa, har da saniya.

Ba ƙin ƙananan halittun nan yake yi ba, sonsu yake yi. Yakan ɗebo ruwan madatsa ya tara masunta, ya nuna musu koraye masu iyo waɗanda hasken rana ne abincinsu, da wata mai siffar silifa da ke tuƙa kanta da gashi. Yakan ce su ne tuwon 'ya'yan kifi, in babu su babu kamu. Amma wadda ya fi daɗewa yana kallo ita ce amiba, wadda yake kira mai ƙafar ƙarya. Ƙwaya ɗaya ce tak, ba kai ba gindi. Sai ta miƙa wani gefe na jikinta kamar ƙafa, ta kwarara sauran jikin a ciki, in ta sami abinci ta rungume shi ta haɗiye. Ya ce ta kududdufi ba ruwanta da kowa. Amma tana da 'yar'uwa da ke zama a hanjin mutum, ta ci bangon hanji ta kawo atuni, kashin jini da majina, in an bar ta kuma ta bi jini ta tare a hanta. In za ta fita sai ta naɗe kanta cikin ɓawo, ta bi bayan gida, ta jira a ruwa ko a ganyen latas har wani ya haɗiye ta. Wannan darasin na ji shi ya fi a ƙirga. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ci mini rai.

Baba yana da rauni guda, kunya. Mutumin da zai tsaya gaban aji ya yi bayanin tsutsar ciki ba ko gezau, in aka zo kan surukuta sai ya koma mutumin da. Yaya ce 'yar fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle na mijinta. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In mijin Yaya ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, Baba ya amsa yana kallon bango. Inna kuwa ta fi shi. Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa yi wa mijin Yaya magana kai tsaye ba. Daga bayan labule take amsa gaisuwarsa da gyaran murya, in akwai saƙo ta ba Goggo. Mutane suna yaba gidanmu da wannan, suna cewa gidan mutunci ne.

Bayan an kwashe albasa ciwon ya fara. Ban san ta ina cutar ta shige shi ba, mutumin da ko a biki ba ya shan ruwan da ba a tafasa ba. Ina gidan aurena a Rabah, inda nake koyarwa, ba wanda ya gaya mini. Daga baya na tattara labarin. Zazzaɓi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da yawan zagayawa. Mijin Yaya ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, ya hango Baba daga nesa, ya ce taifot ce. Bai tambayi yadda bayan gidan yake ba, domin wane suruki ne zai tambayi wannan? Baba bai faɗa ba. Inna da ke wanke fo tana ganin jini ba ta faɗa ba, kuma ba za ta iya faɗa wa 'yar fari ba. Aka shiga kafso, aka shiga allura, aka rataya ƙarin ruwa a ƙusar da Baba ke rataya hula.

Har nan zan iya cewa kunya ce ta cuce mu duka. Abin da ya biyo baya ba kunya ba ce, girman kai ne. Da Baffa, ƙanen Baba, ya ga jiki na ƙara lalacewa, ya ce a kai shi asibiti a yi awo. Mijin Yaya ya dafa ƙirji.

"Ina raye a kai Baba ya bi layi awa wanda ba ya da kowa? Mutane su ce mi? Taihot ba ta son awo, ga ido aka gane ta."

Ya kuma hana Yaya kirana, wai ina zuwa zan cika gida da surutu. Sunansa a bakin kasuwa yake karewa, kada a ce Dakta ya kasa da surukinsa. Goggo ce ta gaji ta ari waya ta kira ni. Na iso na tarar da Baba ya zama ƙashi da fata, gefen cikinsa ya kumbura, ba ya iya kwanciya ta dama. Na samo mota. Mijin Yaya ya tare zaure yana cewa allurar ba ta ƙare ba. Na ce masa ya matsa ko in bi ta kansa, kuma da gaske nake.

A asibiti mai awon da ta karɓe mu tsohuwar ɗalibar Baba ce, Kirista 'yar wajen Zuru, wadda ta taso a Wurno lokacin da mahaifinta ke aikin lafiya a can. Tana ganinsa ta durƙusa ta ce, "Malam, kai ne haka?" Ita ce ta nemi bayan gidan ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Ba a jima ba ta leƙo ta yafito ni.

"Zo ki gani. Ai ke ɗiyarsa ce, kin iya dubawa."

Na sa ido. Ga ta nan. Tana miƙa ƙafarta ta ƙarya tana kwarara a hankali, hankalinta kwance, kuma a cikin jikinta ga jajayen ƙwayoyi da ta haɗiye. Jinin Baba ne. Na tsaya ina kallon abin da ke cin ubana yana yawo da jininsa a ciki. Likita ya ce mugunya ta taru a hanta har ta fashe cikin ciki, an makara. Ya ce da tun farko ne, wata 'yar ƙwaya mai ɗaci ta isa. Na san ƙwayar. Tana nan jibge a kantar mijin Yaya, a ƙasan kafson.

Na koma gefen gadon na zauna.

"Baba, na gan ta."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Mai ƙahwar ƙarya?"

"Ka sani?"

"Tun da hwarko na zarge ta."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

Ya mayar da fuskarsa bango. Sannan ya ce, "In ce ma mijin ɗiyata mi? In kwatanta mai abin da ni ka bari a masai? In ƙaryata shi gaban matatai? Na ce bari in jure har maganin nai ya ƙare, in lallaɓa asibiti ba wanda ya ji kunya."

"Kai da ka ce a duba kahin a ce!"

Ya yi ɗan murmushi. "Shi bai duba ba, auta. Ni kuma ban ce ba."

Na ji haushinsa a lokacin, kuma ina jin haushinsa yanzu da nake rubutun nan, Allah Ya yafe mini. Ya koya wa rabin ƙasar nan su buɗe ido, ya zo kan ransa ya rufe baki don kada wani ƙato ya ji kunya.

To ga ni a zaman makoki, ga Inna da buta, ga kafso a ƙarƙashin filo. Goggo ta ce mini mijin Yaya ne ya aiko da shi, wai ya ji an ce Inna na zazzaɓi, taifot ɗin gidan ce ta kama ta. Na kuma ji cewa ranar sadaka Baffa zai kawo mijin Yaya cikin gida ya nemi yafiya, a wanke zukata, a rufe maganar. Sai na kira mai awo na ce ta zo gaisuwa ranar, ta taho da gilasanta da ruwan gishiri. Ba zan ɓoye ba, da niyya na haɗa ranar.

Da ta iso na shiga wurin Inna na saki labule.

"Inna, jini ki ka gani ko?"

Ta kau da kai. "Ciki na kawai. Bar ni in yi takabata."

"Haka Baba ya ce. Wallahi in kinka bi shi ta hanyar ga, ba ni yahe maki."

Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Na miƙa mata 'yar roba mai murfi. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta karɓa, ta ɗauki buta.

Muka kwance madubin Baba daga zanensa a bakin tagar ɗakinsa. Mai awo ta haɗa gilashin, ta juya ɗan madubin ya kamo rana, ta duba, ta ɗago ta gyaɗa mini kai. Ta ce yau ɗin nan za a kai Inna asibiti, kuma tunda ba ta fara ciwon haƙarƙari ba, da sauran dama. Tana rufe baki muka ji sallamar Baffa a tsakar gida.

Mijin Yaya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, mata sun kewaye, maza na jiyowa daga zaure. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, magani ba ya hana ajali, in akwai kuskure a yafe masa. Goggo ta ce ta yafe. Yaya na kuka ta ce ta yafe. Daga bayan labule aka yi shiru, Baffa ya ɗauki shirun a matsayin amsa, kamar yadda aka saba. Sannan ya juyo.

"Auta, saura ke."

Na shiga ɗakin Baba na fito da madubin, na kife turmi a cikin rana na ɗora shi a kai.

"Baffa, mai gidan ga ya ce a duba kahin a ce. Ya duba, sannan in ce."

"Ke auta, yau ba ranar wanga ba ta."

"Yau ta, Baffa. Dakta, bisimilla."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya dubi Baffa, ya dubi mata. Ba hanyar ƙi, ai Dakta ne. Ya sunkuya ya manna ido, ya ce shi bai ga komai ba sai duhu. Ashe ko riƙe abin bai iya ba. Na juya masa madubin ƙasa, na murɗa har ya daidaita. Sai na ga kafaɗunsa sun tsaya cik.

"Tana motsi," ya ce.

"Tana yi. Ƙwaya guda ta, mai ɗaki, irin ginin jikinka. Jajayen da ka gani cikinta jini na, haɗiye shi ta yi. Kahson da ka ba Baba katanga shi ka rushewa, ita kau ba ta da katanga. Ka yi ta ɗura mai, ita tana cin hantatai. Maganinta na nan kantarka, ƙasan kahson. Da ka bari an duba, da yanzu shina zaune ƙarƙashin iccen can."

Na faɗi sunan ciwon da ƙarfi, atuni, kashin jini, yadda na zaure za su ji. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa bai ɗago ba, kamar idon ya manne. Can ya ce da wata ƙaramar murya, "Amma Baba ya riga ya rasu. Wanga na wa na?"

Na buɗe baki zan amsa, aka riga ni. Daga bayan labule muryar Inna ta fito, a sarari, ba rawa.

"Nawa na."

Tun da ya auri 'yarta, wannan ce kalma ta farko da ta taɓa yi masa.

"Bayan gidana na ka ka kallo. Duba da kyau, tunda mai gidana bai samu an duba nashi ba."

Sai ga katin kafson ya fito ta ƙarƙashin labule, ya tsaya a gaban gwiwarsa. Goggo ta saki salati. Baffa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mijin Yaya ya miƙe yana neman ƙofa, ya fita ba takalmi, sai daga baya aka bi shi da su. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kafin la'asar mun kai Inna asibiti, da takabarta da komai, Baffa da kansa ya ce lalura ce. Ta sha ƙwayar mai ɗaci tana tsine mata, aka bi da wani maganin na kashe masu ɓawon da suka rage a hanji. Ta warke. Tana nan tana jan carbinta, har ta fara faɗan randa a madadin Baba. A mota muna dawowa ta tambaye ni, tana kallon taga, wai yaya kamannin abar take. Na ce in ta so in nuna mata. Ta ce Allah Ya kiyaye, ita da madubin nan har abada.

Abin bai zo kyauta ba. Yaya ba ta ɗaga wayata. Wasu dangi sun ce na tozarta uwata a gaban suruki, na zubar da mutuncin gidan da aka daɗe ana yabo. Kemis ɗin na nan a buɗe, sai dai an ce mini yanzu in ya miƙa wa mutum kafso, akan sami mai tambayarsa ko ya duba. Madubin yana wurina a Rabah, cikin zanen Inna, kuma 'yan ajina sun fara sanin masu ɗaki da marasa ɗaki.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, mai yawan tambaya, mai yawan kunya. Ka haskaka kabarinsa fiye da yadda ya haskaka idanun 'ya'yan mutane, Ka yafe masa shirun da ya yi, Ka sa abin da ya koyar ya zama mai bin sa da lada, Ka haɗa mu da shi a gidan da babu ciwo.

Baffa har yanzu yana aiko mini, wai in sassauta, in furta kalmar nan ko don zumunci. Amsata ba ta canja ba. Allah mai yafiya ne, mijin Yaya ya nema a can. Ni dai, Baba, na duba, kuma na ce.